Mako guda da motar kwana a tsaunukan Sikotland a watan Satumba: yaya ake yi da ruwan sama?

Abban Hanifa:

Assalamu alaikum jama'a. Ni da ƙanena muna shirin ɗaukar hayar motar kwana, irin ƙaramar nan mai gado da murhu a ciki, na kwana 7 a tsakiyar Satumba. Daga Gilasgo za mu tashi, mu bi hanyar A82 ta tafkin Loch Lomond da kwarin Glen Coe zuwa garin Fort William. Muna so mu hau dutsen Ben Nevis, kuma za mu ɗauki kekuna biyu. Duk wanda na gaya wa sai ya ce ruwa zai hana mu sakat. Waɗanda suka san harkar, me ya kamata mu tanada? Kuma idan kaya suka jiƙe, ina ake shanya su a cikin mota?

Malam Na-Tsauni:

Wa alaikumus salam, Abban Hanifa. Tambayarka ta ƙarshe ita ce mai nauyi. Jiƙewa a kan dutse na yini ɗaya ba komai ba ne idan da sutura mai kyau. Abin da ke wargaza tafiya shi ne a shigo da jiƙaƙƙun kaya cikin ɗaki mai faɗin tabarma biyu, a rufe ƙofa, kwana uku a jere. Daga nan bargo ya yi danshi, katifa ta fara wari, takalmi kuma ya ƙi bushewa.

Ruwan da ke taruwa a cikin motar ba daga waje kaɗai yake zuwa ba. Numfashin mutum ɗaya a dare guda yana kai kusan kofi ɗaya na ruwa. Iskar gas ma ruwa take haifarwa: kilo 1 idan ya ƙone yana fitar da kamar lita 1.6 na tururi. Ga tukunya tana tafasa, ga rigunan da aka rataya. Duk wannan yana sauka a kan gilashi da ƙarfen jikin mota, shi ya sa da safe za ka ga gilashin yana zufa. Maganinsa zafi ne da iska tare. A kunna hita, a bar tagar rufi a ɗage kamar yatsa biyu, a ɗan sauke wata taga a ɗaya gefen don iska ta ratsa. Wanda ya toshe ko'ina don gudun sanyi, da safe zai tarar da matashinsa a jiƙe.

Saboda haka kafin ka biya kuɗin haya, ka tambaya ko motar tana da hitar dizal. Iskar da take hurowa busasshiya ce, domin hayaƙinta waje yake fita, kuma shan manta bai wuce rubu'in lita a awa ba. Kada ku kuskura ku kunna murhun girki don jin ɗumi. Iskar nan da ke kashe mutane idan an kwana da janareta a ɗaki, ita ce dai murhu ke fitarwa a rufaffen wuri. Ka duba akwai na'urar gargaɗin wannan iskar a motar, ka danna maɓallinta ka ji ta yi ƙara kafin ka bar harabar masu hayar.

Sai batirin ɗaki, wanda ya sha bamban da na tayar da inji. Idan na dalma ne mai 100Ah (Ah shi ne awon wutar da batiri ke riƙewa), rabinsa kawai ake ci, wato 50. Firji zai cinye kamar 30 a yini da dare, hita ta ci 10 zuwa 20 a dare, ban da fitilu da cajin waya. Kenan dare ɗaya ne, da ƙyar biyu, idan mota ba ta yi tafiya ba. Faifan sola kuwa a ƙarƙashin wannan gajimaren kada ka sa shi a lissafi. Ku tsara kwananku ta yadda duk dare na biyu za ku sauka a sansanin kwana na kuɗi mai wutar lantarki, kuma ku tambaya a waya ko suna da ɗakin shanya kaya. Da yawa a wannan yankin suna da shi. Wutar wasu sansanonin amfiya 10 ce, wato wat 2,300, butar lantarki ta gida kuma takan ja 3,000. Kana jonawa za ta ɗauke, ka fita cikin ruwa neman makunni a jikin turke.

A cikin motar, a ware bakin ƙofa ya zama wurin jiƙaƙƙun kaya: babbar robar wanki ɗaya don takalma, wata don rigunan ruwa. A karkaɗe riga a waje, a goge ta da tsumma kafin ta shigo. Takalmi a cire shimfiɗar cikinsa, a cusa tsohuwar jarida, a sauya bayan awa biyu. Kada a jingina shi a bakin hita, gam ɗin tafinsa zai saki. Kayan barci kuma a ƙulle su a leda, kada a taɓa fita da su ko da zuwa bayan gida ne.

Girki mai daɗewa a wuta, irin wake ko tuwo, ku bar shi sai kun koma gida. Ku soya miya tun a Gilasgo, ku saka a firji, a hanya sai taliya ko kuskus, tukunya a rufe. Naman halal ma can za ku saya, don bayan kun wuce Loch Lomond samunsa sai an sha wuya.

'Yar Zazzau:

Malam ya gama da mota, bari in ɗauki dutsen. Yaya Abba, Fort William tana samun ruwa kusan milimita 2,000 a shekara, ƙololuwar Ben Nevis kuma fiye da ninki biyu na hakan. Tsayinsa mita 1,345, kuma daga kusan gaɓar teku ake fara hawa, don haka duk tsayin a ƙafarka yake. Hanyar da ke tashi daga Glen Nevis kamar kilomita 17 ce zuwa da dawowa, awa 7 zuwa 9. A tsakiyar Satumba rana na faɗuwa wajen 7:30, to ku kama hanya kafin 8 na safe, kowa da fitilar goshi a jaka.

Zafi yana raguwa da kamar digiri 6.5 a kowace mita 1,000. Idan ƙasa 12 ne, sama 3 ne, kafin a sa iska da jiƙa a lissafi. Auduga ce babbar abokiyar gaba: singileti, wandon jins, safar auduga, duk suna riƙe ruwa suna zuƙe ɗumin jiki. A jikin fata a sa rigar ulu ko ta roba mai saurin bushewa, a ɗora mai ɗumi mara nauyi, sannan rigar ruwa mai hula. Ka duba lambar da ke jikinta mai nuna ƙarfin tare ruwa, 10,000mm shi ne mafi ƙanƙanta, 20,000mm ya fi kwanciyar hankali, kuma ɗinkin ya zama an liƙe shi ta ciki. Wandon ruwa dole ne, kuma a sa shi tun yayyafi bai yi ƙarfi ba. Safar hannu biyu-biyu, domin ta farko za ta jiƙe. Murfin jaka na waje iska ke ɗauke shi. A saka babbar leda mai kauri a cikin jakar, komai ya shiga cikinta.

A fara tafiya ana ɗan jin sanyi. Wanda ya jibga kaya tun daga ƙasa, cikin rabin awa gumi zai jiƙa shi ta ciki, ya ce rigar ce ke yoyo.

Kowane dare ku karanta hasashen MWIS, masu hasashen yanayin tsaunuka, na yammacin tsaunuka, da na Met Office, hukumar yanayi ta ƙasar. Ku fi kula da ƙarfin iska da tsayin gajimare a kan yawan ruwa. Iskar mil 30 zuwa 40 a awa tana sa mutum tangaɗi, daga 50 kuma a haƙura. Haɗarin Ben Nevis a saman yake: fili ne na duwatsu, gefen arewa rami ne mai zurfin gaske, kuma idan gajimare ya sauko ba ka ganin mita 20. Ku riƙe taswirar takarda, OS Explorer 392, da kamfas. Saukowa daga turken ƙololuwa ana bin digiri 231 a kamfas na tsawon mita 150, sannan a juya 282. Wanda ya karkata hagu da yawa zai faɗa kwazazzabon Five Finger Gully, inda aka sha rasa rayuka. Idan babu wanda ya iya kamfas a cikinku, to sai ranar da aka ce sama za ta washe.

Ku riƙa lura da juna. Karkarwa, harɗewar harshe, tuntuɓe, kasa jan zif, alamun sanyi ya shiga jiki ne. A tsaya, a ƙara kaya, a ba shi shayi mai sukari da dabino, a juya. Idan abin ya fi ƙarfi, 999, a nemi 'yan sanda, sannan a ce masu ceto a tsauni. Tun a gida ku aika kalmar register zuwa 999 ta saƙon tes, domin inda kira ba ya shiga saƙo yakan fita.

Mai Keke:

Ina da ɗan ja da tsarin tafiyar kansa. Kun ɗaure kanku da yamma, alhali amfanin motar kwana shi ne a gudu daga ruwa. Yawancin hadarin daga Tekun Atlantika yake zuwa, ya juye a kan duwatsun yamma, gabas ta samu saura. Daga Fort William zuwa Aviemore ta A86 kamar kilomita 100 ne, awa ɗaya da rabi, kuma ruwan can bai fi rabin na Fort William ba. Kada ku biya kuɗin dukan kwanakin a wuri ɗaya.

Ranar ruwa keke ya fi dutse. Daga Banavie, inda ƙofofin ruwa 8 na Neptune's Staircase suke, akwai hanyar gefen mashigin ruwa na Caledonian Canal zuwa Gairlochy, kamar kilomita 10, shimfiɗaɗɗiya, babu motoci. A Aviemore kuma dajin Rothiemurchus da kewayen Loch an Eilein da Loch Morlich, itatuwa na tare iska, ƙasar kuma ba ta cika caɓi ba.

A sa wa kekuna murfin taya gaba da baya, don ruwan da taya ke watsowa ya fi wanda ke sauka daga sama jiƙa mutum. Man sarƙa a sayi mai kauri na damina. Kowace yamma a goge sarƙar da tsumma, a ɗiga digo ɗaya a kowace gaɓa, a sake gogewa. Man da ya yi yawa yashi yake kamawa ya ci haƙoran giya. Birkin da ke kama bakin wili sai taya ta zagaya sau ɗaya ko biyu kafin ya share ruwa ya kama, don haka a fara matsawa da wuri. Kowane irin birki ne, ku tafi da robarsa ta canji, yashi da ruwa na cinye ta cikin 'yan kwanaki. A rage iskar taya kaɗan, kamar kashi 10 cikin 100. Ƙarafan da ake shimfiɗawa a hanya don hana tumaki wucewa suna da santsi kamar sabulu: a miƙe a kansu, ba birki, ba karkata.

Abin ɗaukar keke na bayan mota yana da iyakar nauyi a rubuce a jikinsa, a karanta. Duk ƙazantar titi a kan kekunan take sauka, to a ɗaure leda a sirdi, a cire fitilu da batiri idan na lantarki ne.

Abban Hanifa:

Allah ya saka da alheri, na rubuta duka. Saura ɗaya: an ce min a Sikotland doka ta yarda mutum ya kwana duk inda ya ga dama. Haka ne?

Malam Na-Tsauni:

An gaya maka rabi. Dokar 2003 ta ba mai ƙafa da mai keke da mai tanti damar shiga fili, amma ba ta haɗa da mota ba. Kwana a gefen titi ana kau da kai ne a wasu wuraren, ba haƙƙi ba ne, kuma inda aka kafa allon hani a bi shi. A wasu sassan Loch Lomond, daga 1 ga Maris zuwa 30 ga Satumba, sai da takardar izini da ake saya ta intanet. Tafiyarku ta faɗa ciki.

Kada ka hau ciyawa bayan ruwa. Yawancin motocin nan tayoyin gaba ke ja, nauyi kuma yana baya, nan take take kafewa. A sansani ka nemi wurin da aka zuba tsakuwa. Idan ta kafe, giya ta biyu, totur kaɗan, a cusa tabarmar ƙafa ƙarƙashin taya. A siririyar hanya mai ɗaukar mota ɗaya, wuraren kaucewa ba na fakin ba ne. Ka shiga na hagunka, idan yana dama ka tsaya daidai da shi, kuma ka bar na bayanka su wuce. Tankin bayan gida ba a juye shi sai a ramin da aka tanada a sansani, kuma ka sayi koren magani, don wasu wuraren ba sa karɓar shuɗin. In lasisinka na gida ne, wata 12 kawai yake aiki daga ranar da ka zama mazaunin ƙasar, masu haya kuma suna dubawa.

'Yar Zazzau:

An manta da ƙwarin nan masu cizo da suke kira mij. A Satumba sun ragu amma ba su ƙare ba, kuma yammacin da ruwa ya ɗauke iska ta kwanta shi ne lokacinsu. Sun fi sauro ƙanƙanta nesa ba kusa ba, ragar sauro ba ta tare su, sai mai ƙananan ido. Tunda Malam ya ce a bar taga a buɗe, a duba irin ragar da ke jikinta, a yi fakin inda iska ke kaɗawa. Akwai kaska kuma a cikin ciyayi masu tsawo, tana ɗauke da cutar Lyme. Kowane dare a duba bayan gwiwa da ƙugu, a cire ta da ɗan ƙarfen cire kaska, ba da ashana ko mai ba. Idan jan zobe ya fito a wurin bayan kwanaki, a je wa likita.