Yarona ya nace sai ya shiga sikawut, kakarsa ta ce a'a

Maman Sadik: Salamu alaikum 'yan uwa, ku taimake ni da shawara. Ina Garwa, unguwar Yelwa. Sadik shekararsa 8. Tun ranar 11 ga Fabrairu da ya ga yaran maƙwabta 'yan sikawut, ƙungiyar nan ta horar da yara, suna fareti da ɗankwali a wuya bai bar ni na sha ruwa ba. Na sayi yadi a babbar kasuwa, tela ya yanka wandon kamar na babansa, na mayar, ya riƙe sati uku, yau ciwon ido gobe rasuwa, jaka shida ta tafi. Yanzu Hajiya, mahaifiyar maigida, ta ce abin coci ne, jikanta ba zai je ba. Kuma wai za su kwana a daji wajen Pitowa. Barci ya ƙaurace mini.

Baban Ikram: Ƙanwata, ki kwantar da hankalinki, shekara tara na yi a ciki. Wani sojan Ingila, Baden-Powell, shi ya fara da zangon yara a tsibirin Brownsea a 1907. Na manyan yara ne da farko, amma ƙanne suka riƙa bin yayyensu, sai a 1916 aka buɗe wa ƙanana nasu. Su ne luveto, wato 'ya'yan kyarkeci, daga shekara 8 zuwa wajen 11. Ana raba su shida-shida, kowane rukuni da yaron da ke jan gaba, babban mai kula da su ana kiransa Akela. Wasa ne, ɗaurin igiya, tsafta, da alheri ɗaya kullum. Ki faɗa wa Hajiya Musulmin Aljeriya sun kafa nasu tun 1935.

Maman Hanifa: Hmm. Nawa jaka goma na biya kuɗin zango, ya dawo da zazzaɓi, takalmi ƙafa ɗaya, babu wanda ya leƙo mu a asibiti. Har yau ina jin ciwon abin.

Malam Bello: Da hannun hagu suke gaisawa fa. Kuma Asabar ɗin da suke taruwa ba lokacin Islamiyya ba ne? Ki bi maganar babba.

Baban Ikram: Malam, gaisuwarsu ce tsakaninsu a duk duniya, ba wanda ya ce yaro ya miƙa wa kakarsa hagu. Mu a zango jam'i muke yi sau biyar.

Yaya Asabe: To wa ke riƙe da rukunin, makaranta ce ko coci ko masallaci? Kin ga shugaban da idonki? Kuma me babansa ya ce?

Maman Sadik: Yaya, babansa yana hanyar Kusiri da mota, ba zan ɗaga masa hankali a kan ɗankwali ba. Shugaban kuwa maƙwabciyata ta san shi, mutumin kirki ne. Islamiyya ma ai Sadik ya fi sa'o'insa hadda, rana ɗaya ba za ta rage shi da komai ba.

Yaya Asabe: Ke nan ba ki gan shi ba.

Maman Hanifa: Ni ma haka aka ce mini, mutumin kirki.

Baban Ikram: Ki kai shi Asabar kawai, Hajiya za ta sauko.

Maman Sadik: Ba ku san Hajiya ba ne. Ni dai an riga an ɗinka kayan. Akwai wanda ya san inda ake samun ɗankwalin da araha?