Tambaya: ya kuke koyarwa da kayan intanet in labo ba kaya kuma mega na tsada?

Mushen Fizik:
Assalamu alaikum jama'a, barkanku da war haka. Ina koyar da fizik ga ƴan shekarar farko a wata babbar makaranta nan Maradi, kuma akwai abin da ya daɗe yana ci mani tuwo a ƙwarya. Ɗalibai sun yi yawa, kayan labo kaɗan ne wasu ma sun lalace, to in ranar tepe, wato ranar gwaji da hannu, ta zo sai ka ga taron yara sun kewaye tebur guda, biyu na taɓa waya da batir sauran na leƙe ta bayan kafaɗa, ƙarshe kowa ya kwafi lambobin da na gaba ya rubuta ya kawo mani. Yaro ya haddace ƙa'idar lantarki ta U = RI tsaf amma ka miƙa mashi multimeta, na'urar awon lantarki, ka ce ya auna, bai san ramin da zai soka wayoyin ba. Wallahi abin na damuna.

Wani abokina ya nuna mani PhET, inda ake haɗa da'irar lantarki bisa allon salula, ka ga kwan fitila ya kama. Abin ya burge ni amma ina tsoron abu biyu, kuɗin mega da yaran ba su da shi ga reso da wuta ba tabbas, sannan kar su saba da shafa gilashi hannunsu ya mutu. Waɗanda suka gwada ku ba ni shawara, har da masu koyar da zane da fasaha, ku ma ina son in ji yadda kuke yi.

Mai Gyaran Kwamfuta:
Wa alaikumus salam Malam. Maganar mega ita ce mai sauƙi a ciki, ba sai kowane yaro ya hau intanet da kanshi ba. PhET ɗin nan jami'ar Kolorado ta Amurka ke yin shi tun 2002, Carl Wieman da ya ci kyautar Nobel ta fizik a 2001 shi ya assasa shi, kyauta ne, gwaje-gwajen sun haura 150 kuma mafi yawansu akwai su da Faransanci. Kowane gwaji fayil guda ne ɗan ƙarami, ka sauke shi sau ɗaya inda ka samu wifi, ka tura ma shugaban aji shi kuma ya rarraba ta Xender, shi ke nan yana tashi ba reso ba komai.

In wata salula ta ƙi buɗe shi to a sa mata Kiwix. Manhaja ce da aka yi tun 2007 dan karanta Wikipedia ba intanet, kuma akwai PhET gaba ɗaya a cikin kayanta. Kar ka ce sai ka sauke Wikipedia ta Faransanci duka da hotuna, nauyi gare ta sosai, akwai yankin fizik kaɗai, na shimi kaɗai, na likitanci kaɗai. In kana da tsohuwar kwamfuta da ɗan akwatin wifi sai mu sa su cikin aji, duk wanda ya shigo ya kama da salularshi ya karanta, fanno ƙarami da batir sun isa riƙe su ko an ɗauke wuta.

Bidiyo shi ne mai shan mega. Khan Academy na da na Faransanci, akwai FUN MOOC, shafin darussan intanet na jami'o'in Faransa, tun 2013, amma ka zaɓo guntaye ka rage masu nauyi kafin ka raba. Na jami'ar MIT ta Amurka kuwa Turancin Ingilishi ne, ni takardun atisayensu da amsoshi na fi ganin amfaninsu gare mu tunda lissafi duk ɗaya ne.

Tsohon Malamin Shimi:
Ɗana tsoronka na biyu shi ne abin dubawa, kar ka sake shi. Ni na yi ritaya amma jikana ya nuna mani gwajin nan na gani da idona, aiki ne mai kyau ba shakka, sai dai a cikin allo waya ba ta tsatsa, batir ba ya sanyi, ka auna sau goma lamba guda za ta fito maka. To ilimin gwaji kuwa rabinshi sanin abin da ya sa awon yau ya saɓa ma na jiya ne. Yaron da bai taɓa ganin lambarshi ta ƙi dacewa da ta littafi ba ya zauna yana neman dalili, wannan bai fara kimiyya ba tukuna.

Ga yadda zan yi in ni ne. Kafin su buɗe salula kowa ya rubuta a takarda abin da yake zaton zai faru in an ƙara kwan fitila na biyu, haske zai ragu ko zai ƙaru, kuma dan mi. Sannan su gwada a allo, a nan ne za su ƙona fitila su haɗa waya baibai ba asarar ko dala. In sun zo tebur na gaskiya sun riga sun san inda za su sa hannu, ka ga kowane rukuni ba zai daɗe ba sai ya ba na baya wuri, ƴan kayan naka su wadatar.

Kuma kar ka raina abin da ke kasuwa. Zare mai tsawon mita 1 da ɗan dutse, ka sake shi yana lilo, zuwa da dawowa daƙiƙa 2 ne kusan cif, su ƙirga lilo 20 su raba su fitar da g, wato ƙarfin jan ƙasa, da kansu, a nan wajenmu wajen 9,78 ne ba 9,81 ɗin da littafin Faransa ke rubutawa ba dan mun fi su kusa da tsakiyar duniya. Ba za su samu wannan daidai ba da zare da agogon salula, to sai a yi ta muhawara kan dalili, darasin ke nan. A shimi ni da ruwan zoɓo nake farawa, ka zuba a kofi uku, ka matsa lemun tsami a na farko ya ƙara ja jawur, na biyu ka bar shi, na uku ka ɗiga ruwan kanwa ka ga ya juye ya yi duhu yana neman kore. Yarinyar da ta ga wannan da idonta in ka kawo mata zancen pH, wato awon tsami, a allo ba ta mantawa. Abdou Moumouni Dioffo da jami'ar Yamai ke ɗauke da sunanshi, karatun fizik ɗinshi bai tsaya a takarda ba, na'urorin dafa ruwa da zafin rana ya zauna yana ƙerawa a ƙasar nan.

Ɗalibar Aikin Gona:
Malam ku yi haƙuri in sa baki a matsayin ɗaliba. Muna so ƙwarai, roƙonmu guda ku daina turo abu cikin WhatsApp da dare ana gobe darasi, wata ba ta da forfe sai ta jira yayanta ya dawo, wani salular ma aro ce. Ku ba mu tun farkon sati, kuma ku bari mu yi mu uku-uku bisa salula guda. Sannan in ba za a sa maki a kai ba gaskiya da yawa ba za su buɗe ba.

Akwai phyphox ta wata jami'a a Aachen ta Jamus, tana mayar da salula abin awo, amma ku lura ƙananan salulolinmu da yawa ba su da duka na'urorin da take nema, gwajin sauti ne ke yi ma kowa tunda kowace na da makirfo. Da salula biyu da tafi ana auna gudun sauti, kuma da zafin watan Afrilu na Maradi in ya kai digiri 40 gudun na kai wajen mita 355 a daƙiƙa, littafi kuwa 343 yake badawa a digiri 20.

Mu a fanninmu abin da ya fi shiga raina hotunan tauraron ɗan adam ne. Na Sentinel-2 kyauta ne, ana buɗe su da manhajar taswira ta QGIS ita ma kyauta. Mun sha jin labarin sassaben zamani, wato barin tohon itatuwa su girma cikin gona, da Tony Rinaudo ya fara tare da manoman yankin nan a 1983, ana cewa ya farfaɗo da wajen hekta miliyan 5 a Nijar, amma ranar da na buɗe Google Earth na nemo gonakin garinmu na ga itatuwan gawo ɗigo-ɗigo cikin gona sai na ji karatun nawa ne. Dan Allah ku tambayi masu ɗakin karatu ko an yi rajistar Research4Life, shirin da ke buɗe mujallun bincike ta intanet, Nijar na cikin ƙasashen da ake ba kyauta, AGORA na noma da Hinari na lafiya duk suna ciki.

Malamar Zane:
Sannunku. Malam na gode da ka tuna da mu dan sau da yawa in ana zancen nan kimiyya kaɗai ake nufi. Ni damuwata daban ce, littattafan da na gada duk hotunan Turai ne, yaro ya gama shekara yana zaton fasaha a Italiya aka haife ta. Intanet ce ta ba ni abin da zan nuna masu namu. Raƙuman dawan Dabous da aka sassaƙa a dutse can arewacin Agadas, babban ya haura mita 5, ɗalibaina kusan ba wanda zai iya zuwa wajen a halin da ake ciki, amma British Museum ta sa hotunan zanen duwatsun Afirka kusan 25,000 a shafinta kuma suna ciki. Masallacin Yaama na jihar Tawa da magini Falke Barmou ya gina da laka ya ci kyautar Aga Khan a 1986, hotunanshi na shafin gine-gine na Archnet. Ga gumakan yumɓu na dā da aka tono a Bura, ga zanen gidajen Birnin Damagaram.

Abin da ke sosa mani rai, in ka shiga kundin gidan tarihin Quai Branly na Faransa ka rubuta Haoussa, jakunkuna da riguna da kayan doki za su fito maka masu kyawun gaske, ka duba ƙasan hoton sau da yawa sunan Baturen da ya kawo kayan na nan, na wanda ya ɗinka babu. Shi ya sa ba na barin darasin ya ƙare a allo. In mun kalli jaka sai in tura su wajen dukawa su zauna a ƙasa su ga yadda ake zare fata siriri ana saƙa ta, su riƙe su ji nauyi da ƙanshi, su nemi izini su ɗauki hoto su rubuta sunan mai aikin da unguwarshi in ya yarda, sai mu ɗora a Wikimedia Commons, rumbun hotuna na kyauta a intanet. Yaran nan iyayen wasunsu ne ma ke sana'ar, da kunya suke ji su faɗa, yanzu su ke jan gaba.

Baba mai shimi, ni ina ganin aikinmu da naku ya haɗu a majema. Fatar jar akuyar Maradi da ake yabo har ƙasashen waje, da bagaruwa ake jeme ta, jan launin kuma daga karan dafi. Ni na san kyawun abin amma ban iya bayyana masu abin da bagaruwar ke yi ma fata ba.

Tsohon Malamin Shimi:
Ɗiyata wani sinadari ne, tanin, ke cikin bagaruwa, yana kama zaren naman fata ya ɗaure shi, shi ya sa ba ta ruɓewa. Ki jiƙa bagaruwa ki jefa tsohuwar ƙusa mai tsatsa a ruwan ki bar shi, zai yi baƙi, ƙarfe ne ya haɗu da tanin. Ki haɗa yaranki da na kimiyya ku tafi majema tare, in ƙafata ta bar ni zan zo in yi masu bayani a bakin rami.

Mushen Fizik:
Allah ya saka da alheri, na ƙaru sosai. Baba zan bi tsarinku a darasin lantarki mai zuwa, zato a takarda da maki a kai, sannan allo, sannan tebur. Ƙanwata na ji koken, ranar Litinin za ku riƙa samun kayan in sha Allah. Mai gyara ina da tsohuwar kwamfuta a gida batirinta ya mutu sai an jona, za ta yi aikin ko sai na nemi wata?

Mai Gyaran Kwamfuta:
Za ta yi Malam, ai dama a jone za ta zauna. Ka taho da ita da kile mai giga 32 bayan la'asar in zuba maka PhET da yankin fizik da na shimi. Malama ke ma in kina so ki turo sunayen hotunan da kike buƙata in haɗa maki su wuri guda.