Neman shawara: wane feftayid zan yi wa ɓerayena, ga zafi ga rashin wuta?

Hauwa'u, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina digiri na biyu a bayokemistiri, aikina a kan GLP-1 ne, sinadarin da hanji ke saki bayan cin abinci ya sa fankiriyas fitar da insulin. Na tanadi ɓerayen gwaji nau'in Wistar guda 30, niyyata in yi musu allurar sinadarin streptozotocin su kamu da ciwon suga, sannan in gwada feftayid, wato ɗan guntun furotin mai aiki irin na GLP-1, a kansu. Wani ɗan kasuwa a WhatsApp ya turo mini hoton 'yan kwalabe na feftayid iri biyu, semaglutide da retatrutide, farar hoda kwance a gindin kwalba, an rubuta na bincike ne kawai. Kuɗinsa bai kai rabin na kamfanonin kayan gwaji ba. Ni kuwa da kuɗin shinkafar da Baba ya sayar nake aikin nan. Firizarmu ma sai an kawo wuta. In saya? In a'a, wanne ya dace?

Malam Bashir, Argungu:
Wa alaikumus salam. Malama Hauwa'u, ajiye maganar saye tukuna, tsarin ne ke da gyara. Streptozotocin mai yawa kusan kaf yake kashe ƙwayoyin beta, masu yin insulin a fankiriyas, kin ga ciwon suga nau'i na ɗaya kika samar ke nan. Shi kuma GLP-1 ba insulin ba ne, ƙwayoyin nan yake zaburarwa su fitar da shi, shi ma sai suga ya hau. In sun mutu, wa zai zaburar? Ni na faɗa wannan ramin. Mako huɗu ina tsaga bakin wutsiya ina ɗiga jini a na'urar awo, lamba ta ƙi sauka, har na yi zargin maganin. Ki fara ba su abinci mai kitse na wasu makonni, sannan ki yi musu kaɗan, kamar miligiram 35 a kowane kilo. Kuma kada ki taɓa ko ɗaya sai kwamitin ɗa'ar bincike ya sa hannu.

Dakta Maryam:
Gaskiya Malam Bashir ya faɗa. Ƙanwata, GLP-1 na asali ba zai miki ba, domin DPP-4, wani sinadari da ke cikin jiki, na farfasa shi cikin kamar minti 2. Da ni ce ke, exendin-4 zan nema. John Eng ne ya gano shi a 1992 a dafin wani ƙadangaren Amurka mai suna Gila, yana jure DPP-4, kuma daga shi aka yi maganin suga exenatide da Amurka ta amince da shi a 2005. An yi aiki da shi a kan ɓeraye ba adadi, za ki samu abin kwatanta sakamakonki. Retatrutide kuwa makarɓa uku, wato wuraren da sinadari ke maƙalewa a jikin ƙwaya ya yi aiki, yake taɓawa: na GLP-1, na GIP da na glukagon. In suga ya sauka, ranar kare kundi aka tambaye ki wanne ya yi aikin, me za ki ce?

Mutumin WhatsApp ɗin, ki ce ya turo takardar gwajin HPLC, wanda ke nuna tsabtar hodar, mai lambar da ta yi daidai da ta jikin kwalbar. Ko Ozempic, wato semaglutide na kamfani da ke cikin kwali, sai da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin jabunsa a Yunin 2024, balle hodar da ba a san mai ita ba.

Usman Jega:
Ni ma'aikacin ɗakin gwaji ne. Hodar a bushe tana son sanyin -20°C. Ranar da kika narkar da ita, raba ta a ƙananan bututu, kowanne na allurar yini ɗaya, domin daskarewa da narkewa a kai a kai ke lalata ta. Ki nemi mai firizar sola tun kafin kayan su taso, kada su iso cikin zafin Afrilu kina neman ƙanƙara a kasuwa.

Hajiya Rabi:
Ku gafarce ni da katsalandan. Maigidana na da suga, ga jiki. Wannan mai arahar zai iya yi?

Dakta Maryam:
Hajiya, don Allah kada ya kusance ta. Ba a tace ta don jikin mutum ba, ba a san awonta ba. Ya je wa likitansa, in ya cancanta a rubuta masa mai lambar NAFDAC.

Hauwa'u:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na nemi takardar wurin mutumin WhatsApp ɗin tun azahar, ya karanta bai amsa ba. Gobe zan kai wa malamina sabon tsarin. Malam Usman, ko ka san wanda zai haɗa mini abincin mai kitse a nan kusa?