Tsohuwar bindigar mahaifinmu ta lalace: yaya za mu rabu da ita ba tare da saɓa doka ba?

Ɗan Maharbi:
Assalamu alaikum. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya rasu wata huɗu da suka wuce, kuma da muka zo haɗa kayan ɗakinsa domin rabon gado, sai muka tarar da bindigarsa mai baki biyu a naɗe cikin buhu a bayan akwati, tare da harsasai shida a gwangwani. Tsatsa ta ci ta, ƙotar ta tsage, ko buɗe ta ba a iya yi. Takardar lasisin tana nan, amma rabon da a sabunta ta tun yana zuwa farauta. Yayana ya ce a sayar wa 'yan gwangwan, baffanmu kuma ya ce a jefa ta tsohuwar rijiya. Ni kuwa ina shakkar in ɗauke ta zuwa caji ofis a ce ni za a tsare. Mene ne mafita?

Abu Safiyya:
Wa'alaikumus salam. Allah ya gafarta masa. Shawarwarin nan biyu duk ka ajiye su, domin lalacewar bindiga ba ta fitar da ita daga hukuncin Dokar Makamai ta Najeriya ta 1959 ba, wadda ko ɓangaren bindiga kaɗai ta ɗauke shi a matsayin bindiga. Saboda haka wanda ya miƙa ta ga mai sayen ƙarafa ya ba da makami ga wanda ba shi da izini, kuma bai san ko za ta ƙare a hannun maƙerin da zai tashe ta ba.

Irin ta mahaifinku, Sufeto Janar na 'yan sanda ne ke da ikon ba da lasisinta, kuma lasisin na mutum ɗaya ne, ba a gadonsa kamar yadda ake gadon gona. Dokar ta ba magada damar riƙe bindigar na kwana 14 ne kacal bayan rasuwar mai lasisi, ka ga ke nan wa'adinku ya wuce. Dokar fashi da makami ta 1984 kuwa ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko tara, ko duka biyun, ga wanda aka samu da bindiga ba bisa ƙa'ida ba. Ban faɗi haka don in tsorata ka ba, sai don ka gane cewa zamanta a gidan ya fi kai rahotonta haɗari. Ka rubuta wa DPO, wato shugaban caji ofis na yankinku, takarda, ka haɗa da kwafin lasisin da na shaidar rasuwa, ka nemi su turo jami'ansu su ɗauka. Kada ka ɗauko ta ka hau hanya da ita, domin idan aka tare ka a shingen bincike, kyakkyawar niyyarka ba a rubuce take a goshinka ba.

Tsohon Mafarauci:
Abin da zan ƙara shi ne, tunda kun kasa buɗe ta, ku ɗauka cewa akwai harsashi a cikinta. Kada a buga ta da guduma, kada a taɓa kunamar, kuma ko za a matsar da ita, bakin ya kalli ƙasa. Mafi muni shi ne a kai ta maƙera ko a sa ta a wuta da nufin a lanƙwasa ta, saboda zafi kaɗai yana iya tayar da abin da ke ciki. Masu bindigar toka ma su lura da wannan, domin tsofaffi kan ajiye ta a ɗure, kuma albarushi idan bai jiƙe ba yakan shekara aru-aru da ƙarfinsa. Harsasan nan shida ku kulle su dabam inda yara ba sa kaiwa, a miƙa su tare da bindigar. Ba a ƙona su, ba a zuba su a masai. Rijiya kuwa ana yashe ta, kuma ranar da aka tono bindiga a filinku, ku za a fara tambaya.

Ummu Khalil:
Mun yi irin wannan bara da bindigar kakanmu. Mai unguwa muka fara sanar wa, shi ya raka kawuna wajen 'yan sanda hannu rabbana, washegari aka turo jami'ai biyu suka ɗauka. Abin da nake jaddadawa shi ne kada ku bari a tafi da ita ba tare da takardar shaidar karɓa ba, mai ɗauke da lambar bindigar, da adadin harsasai, da kwanan wata, da sunan wanda ya karɓa da sa hannunsa. Ita ce hujjarku idan wata magana ta taso daga baya. Kuma tunda tana cikin dukiyar mamaci, ya kamata sauran magada, har da mata, su amince tukuna, don kada gobe wani ya ce an salwantar masa da haƙƙi.

Ɗan Maharbi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kulle ɗakin na riƙe mabuɗin, kuma na samo lambar a jikin lasisin, tunda tsatsa ta rufe ta jikin ƙarfen. Baffa ya amince, gobe bayan sallar Azahar za mu je wurin mai unguwa da takardar.