Ina da juna biyu, in rage Nescafé ne ko in daina?

Uwar Biyu: Salamu alaikum. Daga Mararaba nake zuwa aiki Wuse, ƙarfe biyar na asuba nake fita. Kofi uku na Nescafé nake sha kullum, in ba haka ba sai gyangyaɗi a ofis. Yanzu cikina wata uku. Jiya na gwada bari, kaina kamar zai tsage. Ya zan yi?

Ɗan Kubwa: Wa'alaikumus salam. Shekara goma ina shan huɗu a rana, ko ciwon kai ban sani ba.

Direban Dare: Malam, nima haka na ce. Hanyar Kaduna nake yi da daddare. Mai shayi ya zuba min leda biyu a kofi ɗaya, in kora da Fearless, ga goro a kunci. Wani dare a Tafa zuciyata ta riƙa dukan uku-uku, hannu na rawa, na kasa riƙe sitiyari. A asibiti aka ce jinina ya hau. Kwana huɗu ina kwance, kafin a sallame ni mai motar ya ba wani direba makullin. Ko sannu bai ce ba. 'Ya'yana uku, har yau ina zaune.

Hajiyar Gwarimpa: Allah ya kawo mafita. Mu dai da goro muka haifi namu, lafiya lau.

Anti Nas: Hajiya, goron ma akwai kafeyin a ciki, wato sinadarin da ke hana barci a Nescafé. Babba mai lafiya iyakarsa miligiram 400 a rana, mai ciki kuwa kada ta wuce 200, wajen kofi biyu marasa kauri, kuma har shayi da Coke ake lissafawa. A jikin mai ciki yana daɗewa bai fita ba. Ƙanwata, rage a hankali, ki faɗa musu a wajen awo.

Hajiyar Gwarimpa: 'Yar nan, haihuwa nawa kika yi?

Anti Nas: Na karɓi haihuwar da ba zan iya ƙirgawa ba, Hajiya.

Ɗan Kubwa: Ai tsada ce za ta raba ku. Leda ɗaya naira 150 na saya.

Direban Dare: 250 a tasha.

Baban Yara: Ku zo Jos, sanyi kaɗai zai farkar da ku kyauta.

Uwar Biyu: To kaina fa?

Ɗan Kubwa: Da babu cunkoson Nyanya wa zai fita da asuba? Jiya awa biyu ƙanina ya yi tsakanin gadar Nyanya da AYA. Sai yaushe za a gama da hanyar nan?