Shawarwarin malamai kan abin da ɗalibi zai iya da kwamfuta

Wasu malaman firamare da sakandare a Birnin Kebbi sun tattauna kan abin da ya kamata kowane yaro ya iya yi da kwamfuta kafin ya gama makaranta. Manhajar da hukumar NERDC, mai tsara manhajar karatu a Najeriya, ta fitar ta sa darasin kwamfuta tun daga firamare, amma a makarantu da dama a kan allo ake zana na'urar, yara su kwafa a littafi.

An fi daɗewa kan jarrabawar JAMB ta shiga manyan makarantu, wadda tun 2015 da kwamfuta ake rubuta ta. Yaro daga ƙauyukan Argungu ko Yawuri kan shiga ɗakin jarrabawa bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, lokaci ya ƙare yana lalube alhali ya san amsa. Don haka aka ba da shawarar a riƙa auna ɗalibi da aikin hannu: ya kunna na'ura, ya buga wasiƙa, ya adana ta, washegari ya nemo ta da kansa. Haddace sunayen sassan kwamfuta bai wadatar ba, kuma a ganina nan suka fi yin gaskiya.

Kan matsalar wuta, an ce makarantun da ke kusa da juna su haɗa ɗaki guda mai sola. Wata malama ta nemi a ware wa 'yan mata lokacinsu, domin samari kan riga su kama kujeru. Batun koyarwa da wayar hannu kuwa ba a daidaita ba, wasu na tsoron za ta ɗauke hankalin yara. Kowa dai ya yarda a fara horar da malamai, sannan a koya wa ɗalibai ɓoye lambar sirri da tantance labarin ƙarya a intanet.