Masu ciwon sukari da korona ta taɓa kamawa, wane magani aka ba ku?

Mai ɗinki, Aboabo:
Assalamu alaikum. Shekarar mahaifiyata 12 da sukari, jiya gwaji ya nuna ta kamu da korona. Dokta ya ambaci Paxlovid. Don Allah wanda ya sha shi, ko ya sha wani, ya gaya mana yadda ya ji.

Alhaji, Asawase:
Wa alaikumus salam, ɗiyata. Allah ya ba Hajiya lafiya. Ni na sha shi a 2022, ina wurin ɗana a Amurka. Ƙwaya 3 da safe, 3 da dare, kwana 5. Kwana na 3 zazzaɓi ya sauka. Amma fa ɗaci! Baki kamar na tsotsi ƙarfe, ko koko ba ya shiga. Ga shi ba na cin abinci, ina kuma ta shan maganin sukarina, sai ga ni da gumi da rawar jiki, awo ya nuna sukarina ya faɗi zuwa 3.6. Ku lura da cin abincinta sosai. Metformin na sukari ba su hana ni ba, simvastatin na kitsen jini ne suka dakatar, domin ba ya jituwa da ritonavir ɗin da ke cikin Paxlovid.

Hajiya, Sabon Zango:
Ni molnupiravir aka ba ni saboda magungunan zuciyata sun yi yawa. Kafsul 4 safe, 4 dare. Bai dame ni ba, sai dai dokta ya ce bai kai Paxlovid ƙarfi ba, kuma ba a ba mai ciki.

Direban Tamale:
Ni sakaci na yi a 2021. Mako guda ina suracen dogonyaro, ina cewa maleriya ce. Kafin a kai ni asibiti numfashi ya gagara. Remdesivir aka sa min ta jijiya, ga iskar numfashi, ga dexamethasone. Sukarina ya haura 20, ni da ban taɓa allurar insulin ba sai da aka yi min.

Nas, Tafo:
Yaya, dexamethasone ɗin ne ya tayar maka da sukari, shi kumburin huhu yake kwantarwa, ba ƙwayar cutar yake kashewa ba. 'Yar'uwa, Paxlovid cikin kwana 5 da fara ciwo ake soma shi. A duba ƙodar Mama tukuna, daɗaɗɗen sukari kan taɓa ƙoda, kuma masu raunin ƙoda akan rage musu yawan maganin.

Mai ɗinki, Aboabo:
Na gode, Allah ya saka. Yau kwananta 2 da fara ciwo. Na tattara magungunanta duka a leda, har na hawan jini, da asuba za mu koma wurin dokta.